Gefen da Inji Ya Yanke

Ku yi mini afuwa tun kafin in fara. Ban taɓa rubuta labari na ajiye a gaban mutane ba. Wannan layin da kuke karantawa sau huɗu ina goge shi. Idan kun ga na saki hanya ku jawo ni a hankali, don ni mai saurin kuka ce.

Babana, Allah ya jiƙansa, maɗinkin littattafai ne. Ɗakin aikinsa na bakin ƙofar gidanmu, taga ɗaya ce da shi tana kallon titi. Akwai dogon tebur, tukunyar gam, allurai masu kauri a soke jikin wani tsohon soso, da dunƙulen kakin zuma da yake goga wa zare kafin ya ɗinka. Har gobe idan na ji ƙanshin kaki sai na waiga.

Baba yana da wata ɗabi'a da Umma ta yi faɗa a kai har ta gaji. Ba ya zubar da takarda mai rubutu. Littafin da ya lalace har mai shi ya haƙura, wanda ba farko, wanda ba ƙarshe, duk kwali guda yake tara su a ƙarƙashin tebur. Ran da kwalin ya cika sai ya haɗa su ya ɗinke wuri ɗaya, ya yi musu bango da shuɗin yadi, ba suna ba komai. Umma ta ce wannan ai haɗin gambiza ne, sunan kuwa ya bi su. Kuma ba ya yanke musu gefe. Wani shafin dogo, wani gajere, bakin littafin kamar matakalar bene. Idan aka tambaye shi sai ya ce a bar wa mai karatu inda zai sa baki.

Ina shekara goma sha ɗaya ya miƙo mini mafi ƙiba a cikinsu, ya ce, "Uwata, riƙe wannan ki daina karanta mini takardar sabulu."

Ni a zatona littafi ɗaya ne. Haka na karanta shi, daga farko har ƙarshe, ina mamakin wannan marubuci mai yawan canza magana. Ya fara da tafiyar wasu mutane a jirgin ruwa, ana cikin guguwa sai ga yadda ake gane cututtuka a gida. Daga nan gyaran rediyo. Sai taurari. Sai labarin wata mai sayar da tikiti a tashar jirgin ƙasa, da wani mutum da ke zuwa duk mako ya jira wanda ba ya zuwa. A ƙarshe kiwon zuma.

Ni da Baba ba masu surutu ba ne. Mukan wuni a ɗaki ɗaya ba mu yi magana goma ba. Amma wata rana, bayan na karanta sashen cututtuka na tsorata, sai na ɗauki fensirinsa na rubuta a gefen shafin: "Baba ina jin ina da wannan ciwon." Na bar littafin a kan teburinsa na gudu. Washegari na tarar da amsa a ƙasan nawa, da ƙananan baƙaƙensa masu jingina da juna: "Uwata, wannan ciwon na tsofaffin maza ne. Je ki ci abinci."

Daga ranar hira ta ɓarke.

A wurin guguwa na rubuta, "Ban taɓa ganin teku ba amma yau na ji jiri." Ya ce, "Ki riƙe tebur da kyau." A wurin rediyo ban rubuta komai ba, kwance rediyon Umma na yi gaba ɗaya, na mayar, ƙusa uku suka rage a hannuna. Shi ya fara rubutu ranar: "Mun shiga uku. Kada ki ce ni na ba ki littafin." Sashen taurari ya sa na yi kwana biyu ina jin kaina ƙarama kamar kiyashi. Na rubuta, "Idan hasken ya daɗe a hanya, ashe tsohon abu muke gani?" Ya ce, "Kamar wasiƙa. Ki karanta ko da mai ita ya tashi daga garin."

Amma wanda ya hana ni sakat shi ne na tashar jirgi. Shafin ƙarshe ya tsaya a kan cewa mutumin ya jingina da tagar tikiti, ya cire hularsa, ya buɗe baki ya ce. Shi ke nan. Na juya shafi, sai na ga: a tabbatar an hura hayaƙi kafin a ɗaga murfin amya. Wallahi sai da na yi mako guda ina tunanin abin da ya gaya wa yarinyar ke nan.

Da na gane littafin wani ne ya ƙare na wani ya fara, na rubuta, "Baba ina ƙarshen?"

"Ban samu ba. Ke ya kike gani?"

Shekara biyu tambayar tana bina. Ina sha uku na yage takarda biyu daga littafin makaranta na rubuta wa labarin ƙarshe. Da na karanta sai kunya ta rufe ni, na dunƙule su na jefa a kwandon tarkacen Baba. Ban sake gwada rubuta komai ba. A makon ne ma bayan littafin ya tsage saboda yawan buɗewa, Baba ya karɓa ya sake masa baya ya dawo mini da shi, bai ce komai ba.

Shekara uku ke nan da rasuwarsa. Washegarin da aka kai shi, Gwaggo, yayarsa, ta ja ƙofar ɗakin aikin ta sa kwaɗo, ta ƙulle mabuɗin a bakin mayafinta. Ta ce ba mai shiga ya birkita wa ƙaninta kaya. Gambizata kaɗai ta tsira, don tana ƙarƙashin matashina.

To, yanzu ga maganar da ta kawo ni.

Bara idona ya fara yaji, Umma ta tura ni shagon tabarau da ke bayan kasuwa. Mai Tabarau dogo ne, ba ya ɗaga murya, kuma ban taɓa ganin mai son tsari irinsa ba. Biro uku ne a aljihunsa, jere da tsawo. Yana magana yana goge gilashin kantar shagon da bai yi datti ba. Ya ɗora mini wani ƙarfe mai nauyi a hanci ya ce, "Malama, me kike karantawa haka har idon ya yi yaji?"

Na ce, "Zuma. Da jirgin ruwa. Da rediyo."

Ya yi dariya har ya ajiye abin hannunsa. Bayan mako biyu saƙo ya shigo wayata: "Tabarau ya zauna daidai? Ina tambaya ne a matsayin mai shago." Bayan minti ɗaya wani ya biyo: "Ƙarya nake. Ba a matsayin mai shago ba."

Wata bakwai yana zuwa gidanmu. Ba ni da abin da zan kushe. Amma duk sanda aka ce in ba da amsa sai harshena ya yi nauyi.

"Ke 'yar nan, jiran me kike?" in ji Gwaggo, tana zaune bakin gadona tana ninke mini kayan da ban ce ta ninke ba. "Mutum da sana'arsa, da kunyarsa, ga gaisuwa har ƙasa. Ko sai wanda zai fito daga cikin takarda?"

"Gwaggo ina tunani ne."

"Tunani! Ubanki ma haka ya yi ta tunani, sai da na ja shi da hannu zuwa gidan su uwarki. Iyayen yaron nan sun ce Asabar ta ƙarshen wata suke son jin matsaya. Ni zan kai amsa, kuma ba zan je in tsaya ina susar kai ba."

Sai na yi abin da ban taɓa yi ba. Na naɗe Gambiza a tsohon ɗankwali, na soka fensir a tsakiyarta, na ba Mai Tabarau aro. Ban gaya masa komai a kan rubutun gefe ba. Ku lura da wannan, don laifina ne. So nake ya gano da kansa. A raina na ce idan ya dawo mini da ita da ko kalma ɗaya a gefe, na samu amsata.

Saƙonni suka fara zuwa. "Mutanen jirgin nan sun tsira kuwa?" Na ce ban sani ba, ni ma shekara goma sha biyu ina jiransu. "Na kai wurin zuma. Ashe sarauniya ɗaya ce tak." Sai kuma: "Littafin nan naki ya sha wuya, har shafi ya faɗo mini." Daga nan shiru na kwana biyar. Ran Litinin: "Gobe bayan la'asar ina tafe da tsaraba. Za ki yi mamaki."

Talata tun azahar Gwaggo ta sa aka share falo sau biyu. Na sa doguwar riga ruwan toka, ta ce in cire, kamar mai zuwa gaisuwar mara lafiya. Na sa mai ruwan ganye da ƙananan furanni a hannu, Umma ta goge mini farin mayafi, ta fesa mini turarenta da ba ta ba kowa. Na ɗauki tiren shayi na nufi falo.

Yana zaune a kujerar kusa da taga, jaka a cinyarsa, yana ta murmushi. Ya zuge jakar ya fara jerawa a kan tebur. Ɗaya, biyu, har shida. Sirara, masu bango mai sheƙi, kowane da takardar suna a goshi. Jirgin Ruwa. Lafiya. Rediyo. Taurari. Tashar Jirgi. Zuma.

"Na kai shagon masu buga takardu," ya ce. "Sun kwance, sun raba kowa da gidansa. Na tsaya a kansu har suka gama. Duba bakin, sumul."

Na ɗauki na Lafiya. Gefensa santsi kamar an goge da dutse. Na buɗe inda hannuna ya sani ko ido a rufe. Rubutuna babu. Na Baba saura ɗan guntu a bakin takarda: "ki ci abi".

"Ina gefen?" na tambaye shi.

"Gefen? Ai ya yi kaca-kaca, na ce su datse. Duk zane-zanen fensir ne na waɗanda suka riƙe shi a da, ya ma dushe."

"Babana ne."

"Na'am?"

"Ni da Babana ne."

Ban taɓa ganin fuska ta canza haka ba. Ya cire tabaraunsa, ya mayar, ya sake cirewa. Ni kuwa, don tsabar ruɗewa, sai na ji bakina ya ce, "Na gode, Allah ya saka." Na tashi na shige ɗaki na danna sakata.

Gwaggo ta biyo ni tana dukan ƙofa. "Buɗe! A kan takarda za ki bar baƙo a zaune? Mutum ya mayar miki da tsumma sabo, sai kuka?"

Na ji muryar Umma ƙasa-ƙasa: "Yaya, rubutun marigayi ne a gefen. Shi aka yanke."

Dukan ƙofar ya tsaya. Na daɗe ina jiran Gwaggo ta ce wani abu. Sai ƙarar takalminta na ji tana komawa.

Da na buɗe, Umma ce ta shigo ta zauna kusa da ni. Ba ta rarrashe ni ba. Ta ce, "Kin gaya masa akwai rubutun babanki a ciki?"

"A'a."

"To."

Wannan "to" ɗin ta fi mari zafi.

Laraba ban taɓa waya ba. Na jera littattafan shida a kan gado ina buɗewa. Abin mamaki, duk kalmomin marubutan suna nan, ba wadda ta ɓata, amma sai na ji kamar na shiga gidan da aka kwashe mutanensa. Guguwar ba ta sa ni jiri. Taurarin lissafi ne kawai. Mutumin tasha ya buɗe baki, na juya shafi, sai farin bango. Ko hayaƙin amyar babu.

Alhamis da hantsi na kunna waya. Saƙo goma sha ɗaya. Na farkon duk ban haƙuri ne. Na ƙarshe hoto ne: kantar shagonsa, an kwashe tabarau, an shimfiɗa siraran takardu ziri-ziri kamar an tsefe tabarma. A ƙasa ya rubuta:

"Na koma wurinsu. Ba su zubar da shara ba tukuna. Buhu biyu na ɗauko, haɗe da na wasu mutane. Na gama ɗaya. Na samu sittin da uku masu fensir. Ban san wanne ke bin wanne ba, ke kaɗai kika sani. Kuma akwai wani abu a cikin tsohon bangon da ban isa in turo a waya ba."

Ban san Gwaggo na tsaye a kaina ba sai da ta ce, "Mene ne wannan kamar gashin masara?" Na gaya mata. Sai ta ce, "Ɗauko mayafinki."

"Ina za mu?"

"Gidan sarauniyar zuma. Tashi mana!"

Shagon Mai Tabarau a rufe yake da rana tsaka, ya manna takarda wai ana gyara. Ya buɗe mana. Rigarsa ta ran Talata ce, duk ƙurar takarda, biro ɗaya tak a aljihu. Ya durƙusa ya gaida Gwaggo.

"Tashi, mai aika-aika," ta ce. "Kai da kake gyara wa mutane ido, naka ina ka ajiye shi?"

"Gwaggo na yi kuskure."

"Ka yi kam. Ba ni kujera."

Da ɗan hantsakin da yake kama ƙusar tabarau yake ɗaga siraran takardun ɗaya-ɗaya, yana dubawa da gilashin nan mai ƙara girman abu. Na sunkuya a kan kantar. Ga "riƙe tebur da kyau". Ga "tsofaffin maza ne". Ga "Mun shiga uku" ita kaɗai, har sai da dariya ta kufce mini a tsakiyar hawaye. Gwaggo karatun boko bai dame ta ba, amma ta miƙa yatsa ta taɓa ɗaya a hankali ta ce, "Hannunsa ne. Tun yana yaro haka yake rubutu, kamar tururuwa ta sha rana."

Sai Mai Tabarau ya jawo aljihun tebur ya fito da shuɗin bangon, a buɗe kamar rigar da aka cire. A cikin bayansa, inda maɗinki ke manna tarkacen takarda don ƙarfafa ɗinki, akwai takarda biyu masu layi-layi. Gam ya busar da su sun yi rawaya, amma an bi an warware duk inda suka dunƙule.

"Layi ɗaya na karanta na tsaya," ya ce. "Ki yafe mini wannan ma."

Rubutuna ne na shekara sha uku. Mutumin ya cire hula ya ce wa mai tikiti, ba kowa nake jira ba, ke nake zuwa gani. Abin da na jefar don kunya ke nan. A ƙasa kuma, da ƙananan baƙaƙe masu jingina da juna:

"Na samu ƙarshen. Na ajiye shi inda ba zai ɓata ba. Uwata, ki ci gaba."

Shekara goma ina kwana da shi a ƙarƙashin kaina ban sani ba. Da ba a kwance littafin ba, da har in mutu ban gani ba. Kuma da ba a kwance shi ba, da hirarmu tana nan cikakkiya. Har yanzu ban san inda zan ajiye waɗannan biyun a zuciya ɗaya ba. Abin da na sani, shi ya sa kuke karanta wannan yau.

Gwaggo ta share ido da bakin mayafi, ta gyara murya. "To. An yi kuka an gama. Jibi Asabar. Me zan ce wa mutane?"

Mai Tabarau ya sunkuyar da kai yana goge kantar da babu wurin gogewa. Na dubi buhu na biyu a jingine da bango, ɗaure da igiya. Na ga fensirin da na soka masa a littafi, yana nan kusa da hantsakin, ko fiƙe shi bai yi ba. Na ɗauka, na zaro wani farin ziri daga shara, na rubuta, don da baki ba zan iya ba. Na tura masa.

Ya karanta a fili: "Ka mayar mini da shi guda ɗaya, da gefensa, zuma a bayan tasha. Da hannunka. Ran da ka ɗaure zaren ƙarshe ka zo ka ji amsa."

Ya ɗago. "Malama, ban iya ɗinki ba. Ko maɓalli ban taɓa sawa ba."

"Na sani," na ce. "Ni na iya. Amma kayan aikin suna ɗakin Baba."

 Ban yarda na dubi Gwaggo ba.

"Iyayenka fa?" ta ce masa.

"Zan gaya musu ni na jawo jinkirin. Gaskiya ce ai."

"Wata nawa wannan wahalar za ta ci?"

"Ko nawa ne, Gwaggo."

Ta ja tsaki mai tsawo. Ta ce yaran zamani sai a bar su, mutum ya ce yana so a ce ya je ya koyo ɗinki. Tana mita tana jawo bakin mayafinta. Ƙullin ya shekara uku, ya ƙi kwantuwa, sai da ta sa haƙori. Ta ajiye mabuɗin a kan gilashi, a tsakiyar rubutun ƙaninta.

"Ba don kai na bayar ba," ta ce masa. Ta juyo gare ni. "Kuma ni zan fara shiga."

Gobe da hantsi za mu cire kwaɗon. Mabuɗin na gabana yanzu, kusa da waya, ya yi ɗan tsatsa a baki. Ban sani ba ko ɗakin yana ƙanshin kaki har yanzu.